Shekara shida ina jinya, na daina roƙon warkarwa: zunubi ne?

Maman Rifkatu: Salama gare ku ƴan'uwa. Ku gafarce ni da kawo magana cikin dare, barci ne ya ƙi zuwa. Yawancinku kun san maigidana. A watan Maris na 2019 ya yanke jiki ya faɗi a kan kekensa na ɗinki a Kasuwar Dole nan Damagaram, hawan jini ya shanye mishi ɓarin dama, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Yau shekara shida da wata biyu. Mun je likita a nan, mun kwana a hanya mun kai shi asibitin Galmi, can ma suka gaya mana gaskiya, cewa abin da ya dawo ya dawo, saura sai kulawa. Keken ɗinkin ma mun sayar tun shekara ta biyu.

Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: "to". Yana jin yunwa, to. Yana jin ciwo, to. Na yi mishi faɗa, to. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in ga ko pampo ya kawo, in bai kawo ba in jira ƴan garuwa, don zanen gado uku nake wankewa kullum, ga wannan zafin na Mayu.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Tun Kirsimetin da ta wuce na daina roƙon Allah ya warkar da shi. Ba shawara na yanke ba, bakina ne kawai ya daina faɗa. In na durƙusa sai in ce "Ubangiji, ga mu," shi ke nan, wani lokaci ma barci ya kwashe ni a durƙushe. To ran Lahadi a ƙofar majami'a wata ƴar'uwa ta riƙe hannuna ta ce, "Da akwai bangaskiya a gidan nan da tuni ya miƙe." Ban ce mata komai ba. Amma ina so a gaya mini tsakani da Allah: na yi zunubi ne? Ko bangaskiyar ce ta ƙare ban sani ba?

Lidiya: Wayyo Mama. Sannu. Ubangiji ya ba ku ƙarfi.

Dauda: Mama sannu da ƙoƙari. Ni dai abin da zan ce, kada ku saki. Matar nan ta Markus 5 shekara 12 tana zub da jini, ta ƙarar da dukiyarta wurin masu magani, rana ɗaya ta taɓa rigar Yesu ta warke. Na bakin tafkin Betasda shekara 38 yana kwance. Mene ne shida a gaban Allah? Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙali don mu riƙa addu'a kada mu karaya. Daina roƙo ƙofa ce ake buɗe wa Shaiɗan. Mu matasa za mu iya ɗaukar azumin kwana uku domin Baba. Kuma a bincika gida da kyau, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwaggo Hannatu: Dauda, wane bangon ne ya tsage? Faɗa mana, tunda kai ne magini.

Dauda: Gwaggo ba haka nake nufi ba.

Gwaggo Hannatu: Haka ka rubuta. Mace ta shekara shida tana kwashe kashin mijinta da hannunta, kai kuma da ko zazzaɓin kwana uku uwarka ce ke yi maka jinya, ka zo kana neman tsaga a bangonta. Yaushe rabonka da gidan? Ka san ta wace ƙofa ake shiga ma?

Ayuba mai gyaran waya: Gwaggo a yi haƙuri, yaro ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Mama, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Komai nisan dare gari zai waye.

Maman Rifkatu: Na gode Ayuba. Amma duwatsun Birni da kake gani, ina jin duk na dafa su, har yau ban ga romo ba.

Baba Ishaya: Na tashi shan ruwa na ga wayar tana ta haske. Bari in sa baki, ku yi haƙuri da tsawon maganar tsoho.

Ƴata, tambayarki biyu ce, kin haɗa su wuri ɗaya. Ta farko, ko ciwon nan alamar laifi ne. Wannan Ubangiji da kansa ya rufe ta a Yohanna 9, lokacin da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya, shi ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Dauda ɗana, ka je ka sake karanta littafin Ayuba, ka ga yadda abokansa uku suka fara. Kwana bakwai dare da rana suka zauna tare da shi a ƙasa, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne aikin kirkin da suka yi a littafin duka. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman tsagar bango, sura bayan sura. A sura ta 42 Allah ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ka lura da wannan. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta ƙorafi, shi aka ce ya faɗi daidai. Masu kare Allah da hujjoji su aka tsawata wa. Kuma har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Mu masu karatu mun sani, shi bai sani ba.

Ta biyun ita ce mai nauyi, wato ko daina roƙon warkarwa daina dogara ne. Bulus sau uku ya roƙa a cire mishi ƙayar da ke jikinsa. Sau uku. Aka ba shi amsa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi, kuma ba mu karanta ya roƙa na huɗu ba. Wannan Bulus ɗin da aka warkar da mutane ta hannunsa, shi ne ya rubuta wa Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Kin ce addu'arki ta koma "ga mu". To wa kike gaya wa? Bango? Wanda bangaskiyarsa ta ƙare ba ya durƙusawa ya ce "ga mu", juya baya yake yi ya kwanta. Ki buɗe Zabura 88. Yawancin zaburan kuka, in ka bi su, a ƙarshe sukan juya su yi yabo. Wannan ba ta juya ba, da duhu ta rufe. Amma Allah ya bar ta cikin littafinsa, har ana rera ta a sujada. Ni na ɗauka saboda irinki aka bar ta.

Dauda: Baba na ji, kuma na ba Mama haƙuri a kan maganar bango. Amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. In muka koya wa mutane su daina roƙo, ina bambancinmu da mai cewa ƙaddara ce kawai a rungume hannu? Allah na jiya shi ne na yau. Ni na ga an yi wa mutum addu'a ya tashi.

Baba Ishaya: Ban ce a koya wa kowa ya daina ba, ni ma na ga abin da ka gani. Kai ka roƙa. Ka yi azuminka na kwana uku, ka yi na bakwai in kana iyawa. Ka tuna shanyayyen nan na Kafarnahum, ba shi ya kai kansa ba, mutum huɗu suka ɗauke shi suka buɗe rufin ɗaki, kuma an ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. In bakin ƴar'uwarka ya gaji, naka ya ɗauka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mai da warkarwa awon bangaskiya, a ɗora wa mai jinya laifi a kan kayan da take ɗauke da su. Abokan Daniyel uku sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Rabin farko kowa na son shi. Rabi na biyun nan ne ake sanin mutum.

Saratu (ma'aikaciyar jinya): Ni ba zan shiga tauhidi ba, akwai manya. Amma akwai abin da nake gani a wurin aiki da ya kamata a faɗa. Irin wannan magana ta "rashin bangaskiya" tana kashe mutane, ba da wasa nake ba. Mai hawan jini ya je taro a ce mishi ya warke, ya watsar da ƙwayoyinsa don ya nuna ya gaskata, bayan wata biyu a kawo mana shi a kwance. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa yake yaudara. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya kuma ya fi kowa haɗarin sake faɗuwa. Yaya, don Allah kada a tsallake maganin Baba ko na kwana ɗaya, ko wa ya ce.

Sannan abin da likitoci suka gaya miki gaskiya ne. A ciwon shanyewar jiki mafi yawan abin da zai dawo a cikin wata uku zuwa shida na farko yake dawowa, bayan nan sai kaɗan-kaɗan. Ba gazawarki ba ce. Ni da na zo gidan bara na duba bayansa da ƙugunsa da diddigensa, ko gyambo ɗaya babu. Ku da ba ku san jinya ba, ba za ku gane abin da wannan ke nufi ba. Mutum ya shekara shida a kwance a zafin Damagaram ba gyambon kwanciya, sai in ana juya shi kusan kowane awa biyu, dare da rana, ana share shi, ana shanya shimfiɗa. Ku lissafa sau nawa ke nan.

Lidiya: Kai! Ni ban taɓa tunanin wannan ba.

Maman Rifkatu: Maganin ina ba shi, Saratu. Sau ɗaya ne ya yanke, a 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, wanda ke kawo mana daga Kano ya daina zuwa, na farmasi kuma ya fi ƙarfina. Kwana tara. Lokacin ga wutar lantarki tana ta ɗaukewa, da mafici nake kwana a kansa. Kun san wa ya sayo? Hajiyar da muke katanga ɗaya. Ta ga takardar likita a hannuna ina jujjuya ta, ta karɓa ba ta ce komai ba, da la'asar jikanta ya kawo na wata biyu.

Tunda ana faɗin gaskiya, bari in ƙara. A shekara ta uku wani mai wa'azi baƙo ya zo gari, na kai mishi jika goma sha biyar, kuɗin adashena, ya ba ni ɗan kwalbar mai ya ce in shafa kwana bakwai. Na shafa. Da na kira shi ya ce akwai shakka a zuciyata. Tun daga ranar nake jin tsoron kalmar nan.

Yusufu (daga Yamai): Na daɗe ban yi magana a nan ba, wasu ma sun ɗauka na fita. Baba Ishaya, da girmamawa, duk ayoyin nan na san su. Ɗana shekara tara ya yi da amosanin jini. Na san kukan yaro da tsakar dare lokacin sanyi in ciwon ya shiga ƙashi. Ranar da muka binne shi aka karanta mini Romawa 8:28, cewa kome na aiki tare domin alheri. Har yau in na ji ayar nan cikina juyawa yake. Wane alheri ne ya fito daga ƙashin yaro ɗan shekara tara? Ayuba an mayar mishi da ƴaƴa goma, amma goman farko fa? Shekara biyu ke nan ban taka majami'a ba. Ban ce babu Allah ba. Fushi nake yi da shi, kuma ban ga ranar hucewa ba.

Ayuba mai gyaran waya: Yaya Yusufu, a yi hattara da harshe. Tukunya ba ta tuhumar maginin ta.

Gwaggo Hannatu: Ayuba ka je ka kwanta.

Baba Ishaya: Yusufu ɗana, ba ni da amsar tambayarka, kuma ba zan ƙirƙiro ta ba don in fita kunya. Goman farko ba su dawo ba, gaskiyarka. Wanda ya karanta maka ayar nan a bakin kabari ayar gaskiya ya karanta a ranar da ba tata ba. Yesu a kabarin Li'azaru ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka kuka ya fara yi. A kan gicciye kuma tambaya ce ta fito daga bakinsa, ta Zabura 22, me ya sa ka yashe ni. Ba a amsa mishi ran Juma'ar nan ba. Abin da ya riƙe ni ke nan lokacin da na binne mamanku, cewa wanda nake kai wa ƙarata ya san ɗanɗanon abin. In ka zo gida kaka ka biyo, in dafa maka shayi. Ba zan yi maka wa'azi ba.

Yusufu (daga Yamai): To Baba. Zan gani.

Gwaggo Hannatu: Ni kuma ga tawa, kuma kowa ya ji haushi ya ji. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen da wata jaridar Faransa ta yi, wanda ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, ina cikin waɗanda suka kwana a barikin soja. Maƙwabcina Musulmi ne ya fitar da ni ta bayan gida cikin hijabin matarsa. Washegari abin ya koma Yamai. Duniya duka ta ji, gidajen rediyo suka yi ta faɗa, baƙi suka zo, aka yi taron gafara, aka sake gini. Mun iya wahalar kwana ɗaya, mun iya ta sosai. Wadda ba mu iya ba ita ce wadda ba ta da hayaƙi.

Watan farko da Baban Rifkatu ya faɗi, takalma har waje a ƙofar gidan. Zumuntar mata mun yi jeri, kowa da ranar kai abinci. Ni da kaina na rubuta jerin a bayan littafin waƙoƙina. Wata na huɗu ya watse. Ban cire kaina ba, rabona da gidan tun Ista. Mun gaji da ciwon da ya ƙi ƙarewa, don yana ba mu kunya, ba ya shiga cikin shaidar da ake tsayawa gaban jama'a a bayar a tafa. Shi ya sa ya fi mana sauƙi mu ce ita ce ba ta da bangaskiya. In laifinta ne, mun huta.

Kuma ku tuna shi ba haifaffen ikkilisiya ba ne. Danginsa suna can wajen Matamai, wasunsu tun ranar da ya faɗi suke cewa ga sakamakon barin hanya. Ƙanensa dai, Allah ya sāka mishi, kowace kaka yana aiko buhun hatsi. Tun 1924 da ƴan mishan na SIM suka sauka garin nan, shekara ɗari ke nan, har yau ba mu fi cikin cokali ba. Mu ne danginsa. Can a ce ya bar hanya, nan a ce ba bangaskiya, ina matar nan za ta sa kanta?

Fasto: Na karanta duka tun daga sama. Gwaggo ta faɗi gaskiya, kuma kaso mafi girma nawa ne. Sunan ɗan'uwanmu ya fita daga jerin marasa lafiya da ake karantawa ran Lahadi tun shekara ta uku. Ba wanda ya ce a cire, an sake kwafe takardar ne aka bar shi, ni kuma ban lura ba sai daren nan da na ɗauko ta na duba. Maman Rifkatu, ki yafe mini. Zan kawo Jibin Ubangiji gida ran Lahadi da yamma. Ƴar'uwar da ta yi miki magana kuma zan same ta ni kaɗai, kada kowa ya nemi sanin ko wace ce.

Maman Rifkatu: Na yafe, Fasto. Ita ma ban riƙe ta ba, ta taɓa kawo mini sabulu.

In za ku zo, ku zo da masu waƙa ko mutum biyu ne. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba don kada a ce na fara zaucewa. Mutumin nan da ba ya iya kiran sunana, in na ɗauko tsohuwar waƙar sujada ina wanki, sai in ji yana bi. Ba gunaguni ba, kalmomin ne, baiti guda cur. Da waƙar ta ƙare in ce mishi "sake faɗa", sai ya kalle ni ya ce "to".

Saratu (ma'aikaciyar jinya): Ba zaucewa ba ce Yaya, sanannen abu ne. Magana galibi a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, shi ne ya taɓu, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Waƙar da mutum ya haddace tun da daɗewa kuwa ɗaya ɓangaren ma yana riƙe da ita. Har amfani ake yi da waƙa wajen koya wa irinsu magana. Ki riƙa yi mishi kullum.

Dauda: Ni ina ganin wannan alama ce cewa Allah bai gama da Baba ba.

Gwaggo Hannatu: Kai dai ba ka gajiya. To alama ce ko ba alama ba, kana da baro?

Dauda: Akwai na shagon yayana.

Gwaggo Hannatu: Madalla. Talata da Juma'a ruwa naka ne, kafin ka wuce lakwal. Lidiya, ke da ni Alhamis, mu karɓi wanki, ita kuma ta shiga ɗakina ta yi barci, ko waya kada ta ɗauka. Saratu ki zo ki nuna wa maza biyu yadda ake juya shi ba a ja mishi kafaɗar da ta shanye ba. Wannan karon ba a bayan littafin waƙa zan rubuta ba, Fasto zai riƙa karanta jerin tare da sanarwa, wanda ya tsallake ranarsa a ji.

Lidiya: Na yarda. Amma Alhamis ta farko sai bayan azahar, ina da awo.

Yusufu (daga Yamai): Maganin wata nawa ne? A turo mini sunansa ta gefe.

Dauda: Mama bido nawa kuke buƙata a rana? Kuma azumin ina nan a kan bakana, ko ni kaɗai ne.

Maman Rifkatu: Shida in da wankin gado, huɗu in babu. Azumin ka yi, ɗana, ban hana ka ba. Ƙofar da ke kallon masallaci ce, mai launin shuɗi, ka buga da ƙarfi don ina can ciki. Bari in je, biyu ta yi, lokacin juyi ne, ina jin shi yana ta "to, to".